Sauya wa shafin intanet masauki daga Damagaram: Faransa, Najeriya, VPS ko ɗakin ofis?

A watan azumin bara, bayan la'asar, daraktan wata makaranta mai zaman kanta da ke Sabon Gari ya kira ni, hankalinsa a tashe. "Malam, shafinmu ya mutu, iyayen yara sun dame ni da waya." Na hau moto na je. Da muka buɗe adireshin makarantar sai ga farin allo da ƴan kalmomin Faransanci, wai an dakatar da asusun. Na tambaye shi imel ɗin da aka yi rajista da shi, ya ce sai dai yaron da ya yi musu aikin. Yaron kuwa ya tafi arewa wajen haƙar zinari tun damina, wayarsa ba ta shiga. Da imel ɗinsa aka sayi sunan shafin, da katinsa ake biya, katin ya ƙare, saƙonnin gargaɗi suna ta shiga akwatin da ba mai buɗewa. Kwana tara muka yi kafin mu same shi, shi ma ta hannun mahaifiyarsa a Garin Malam.

Duk wanda ke tunanin tashi daga kamfanin da ke riƙe masa shafi, ko don tsada, ko don nauyin buɗewa, ko don wanda ya yi masa aikin ya ɓace, ya fara raba abu biyu a kansa. Akwai sunan shafi, wato adireshin da mutane ke rubutawa mai ƙarewa da .com ko .ne ko .org. Akwai kuma masauki, wato kwamfutar wani kamfani da ba ta mutuwa dare da rana, inda hotunanka da rubutunka suke zaune. Masu Faransanci na ce masa ebarjeman. Sunan kamar lambar wayarka ne, masaukin kuma kamar wayar da ka sa sim a ciki. Kana iya sauya waya sau goma lambarka tana nan, muddin sim ɗin da sunanka aka yi shi.

Ma'aunin da nake auna kowane masauki da shi

Na farko, kuma mafi nauyi gare mu a nan, shi ne yadda za ka biya a shekara ta biyu. Biyan farko kowa na iya samun dabararsa, ko ta aboki ko ta ɗan'uwa a Yamai. Sabuntawa ce ke kashe shafuka. Manyan kamfanonin Turai da Amurka galibi katin Visa ko Mastercard suke karɓa, wasu da PayPal. Abin da ke hannunmu kullum, Airtel Money, Moov, NITA, Amana, ba kasafai yake shiga wajensu ba. To dole sai katin banki, yawanci irin wanda ake zuba wa kuɗi kafin a yi amfani da shi. Wannan kati yana da ranar ƙarewa, ana cire kuɗin zubawa, kuma in ranar sabuntawa ta zo ba kome a cikinsa, kamfani zai gwada sau biyu ko uku ya rufe shafin. A duba farashin da kyau kuma: kuɗin da aka rubuta da manyan lambobi a talla sau da yawa na wanda ya biya shekara uku ko huɗu ne a dunƙule, na sabuntawa yana ƙasa da ƙananan haruffa, wani lokaci ninki biyu ko fiye. A lura da kalmar "dala" ma. In wani ya ce maka masauki dala biyar ne a wata, dalar Amurka yake nufi, ba tamu ta sefa biyar-biyar ba. Na taɓa ganin wannan ya jawo saɓani tsakanin mai shago da yaron da ya yi masa aiki.

Na biyu shi ne wa ke riƙe da makulli. Sunan shafi ya kasance da sunan mai shi, da imel ɗin da shi ke buɗewa, da lambar wayarsa. Kamfanin da ba zai ba ka damar shiga asusunka da kanka ba, ko ba zai ba ka lambar sirrin fitar da sunanka ba, ka bar shi kome arharsa.

Na uku ɗorewa, wato sau nawa shafin ke faɗuwa, kuma in bala'i ya faɗa wa injinansu ina kwafin kayanka yake. Na huɗu sauƙin aiki da harshen da za su amsa maka da shi in ka yi kuka. Na biyar sauri. Na sa shi a ƙarshe da gangan, domin abin da ke sa shafi nauyi a wayar mutumin Mirya ko Magarya yawanci manyan hotuna ne da ba a rage ba da raunin rezo, nisan sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, kaɗan yake ƙarawa. Girman wurin ajiya kuwa, wanda talla ta fi kururutawa, ban ma sa shi a lissafi ba. Shafin makaranta ko na shago da wuya ya cika jiga biyu.

Masaukin haɗaka a Faransa ko wani wuri a Turai

Wannan kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, pampo ɗaya, mita ɗaya. Ɗaruruwan shafuka suna zaune a sabar guda, kamfani ne ke shara da gyara. Sunayen da aka fi ji a nan su ne OVHcloud mai hedikwata a Rube ta arewacin Faransa, o2switch, LWS, sai Hostinger na ƙasar Lituwaniya.

Babban alherinsa gare mu shi ne kuɗin. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ya hawa ba ya sauka. In masaukinka yuro 4 ne a wata, ka san jika 31 da rabi ne a shekara, bana da baɗi, sai dai in kamfanin ne da kansa ya ƙara. Ƙungiya ko makaranta da ke tsara kasafi tun farkon shekara ta san darajar wannan. A abin da nake gani, matsakaicin masauki yana tsakanin yuro 4 zuwa 8 a wata, wato jika 31 zuwa 63 a shekara, sunan .com kuma ya ƙara kamar jika 7 zuwa 10. A duba ko farashin da haraji a ciki ko babu.

Wajen sauƙi ma ba laifi. Ana amsa tambaya da Faransanci, WordPress, wato manhajar gina shafi, da dannawa ɗaya ake girka shi, kwaɗon nan da ke fitowa gefen adireshi, wato takardar tsaro ta Let's Encrypt, kyauta ce kuma su ke sabunta ta da kansu kafin wa'adinta na kusan wata uku ya cika. In tsohon masaukinka yana aiki da allon sarrafawa na cPanel, sabon ma yana da shi kamar o2switch, ƙaura takan zo da sauƙi ƙwarai don tsarin ɗaya ne. OVHcloud da Hostinger kowanne da nasa allon sarrafawa, sai an ɗan koya.

Haɗarinsa biyu ne. Maƙwabcin da ya cika cin wuta yana iya sa naka shafin ja da baya. Na biyun ya fi girma. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar OVH da ke birnin Sitirasbur, gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Waɗanda kwafin ajiyarsu yake a wuri ɗaya da ainihin kayan, wasunsu ba su sake ganin kome ba. Wannan babban kamfani ne na duniya. Don haka ko wane masauki ka zaɓa, kwafi ɗaya ya riƙa saukowa hannunka a Damagaram, ko sau ɗaya a wata.

Kamfanonin Najeriya

Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, tafiyar kilomita kamar 240 ce, Yamai kuwa kusan 900. Ɗan kasuwar Damagaram da ba ya da abokin hulɗa a Kantin Kwari ko Daura sai an tona. Shi ya sa biyan kamfani irin Whogohost ko QServers da naira yake zuwa wa wasu da sauƙi fiye da neman katin Visa: ka ba ɗan canji sefa, abokinka ya tura daga asusunsa, an gama.

Sai dai farashin ba ya zama wuri ɗaya. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kamfanonin sun riƙa ƙara kuɗi, domin lasisin cPanel da sunan .com da hayar injina duk da dalar Amurka suke biya. In ka juya zuwa sefa ƙarin ba ya zafi kamar yadda yake yi wa ɗan Najeriya, amma ba za ka iya rubuta adadi ɗaya a kasafinka ka kwanta a kai ba. Kada kuma a ɗauka cewa tunda kamfanin na Legas ne injinan ma suna can. Da yawa daga cikinsu a Turai ko Amurka suke hayar sabar, kusancin na biya ne kawai. Taimako da Turancin Ingilishi ake ba da shi, wanda karatunsa na Faransanci ne zai sha wuya ranar da abu ya lalace. Abin da na fi jin tsoro a wannan hanya shi ne mutum ya bar abokin da ke biya ya buɗe asusun da nasa imel. Ranar da kuka ɓata, ko ya yi tafiya, ka koma halin daraktan nan.

Dillalin gida

Akwai matasa da ƙananan kamfanoni a Yamai da nan Zinder da ke sayen babban wuri a Turai su yanka su sayar. Za ka biya su da NITA ko Amana ko hannu da hannu, ku yi magana da Hausa, in abu ya faru ka san ƙofar da za ka buga. Ina ganin darajar wannan ƙwarai, ga wanda ba ya son ya taɓa kome da hannunsa ba abin da ya fi shi. Kuɗin ya kan ɗara na saye kai tsaye, hakan kuma daidai ne tunda aiki suke yi. Ɗorewarsa ita ce ɗorewar mutumin. Kafin ka ba da kuɗi ka nemi abu uku a rubuce: sunan shafi da sunanka, kalmar sirrin shiga a hannunka, da kwafin ajiya da za a riƙa turo maka. Dillali na gari ba zai yi gardama a kan ko ɗaya ba. Mai son adireshi mai .ne na ƙasarmu ma ta wannan hanya ya fi samun wanda zai bi masa takardu.

VPS

VPS yanki ne na sabar da ake ware maka kai kaɗai: fili ake ba ka da katanga, gini da gadi naka ne. Hetzner da Contabo na Jamus, DigitalOcean na Amurka, da OVHcloud duk suna bayarwa. Ƙarami yana kamawa daga yuro 5 zuwa 10 a wata, jika 39 zuwa 79 a shekara, kusan daidai da masaukin haɗaka, ƙarfin kuma ya fi. Wannan ne ke jan ɗaliban da suka fito daga Jami'ar André Salifou, kuma ina murna da ganin suna koyo.

Amma abin da aka ba ka baƙin allo ne kawai mai jiran umarni. Kai za ka girka tsarin da ke tafiyar da injin, Ubuntu ko Debian, ka sa manhajar PHP da rumbun bayanai, ka rufe ƙofofi, ka riƙa sabunta tsaro, ka tsara kwafin ajiya. Awa kaɗan bayan kunna sabar za ka ga injinan ɓarayi daga ko'ina a duniya suna gwada kalmar sirri. In ta faɗi ƙarfe biyun dare, kamfani zai ce maka injinsu lafiya yake, kuma gaskiyarsu. Imel ma wata wahala ce. Kamfanoni da yawa suna toshe ƙofar aika saƙo ga sabon asusu, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail ta tsananta sharaɗi, saƙon da ba ya ɗauke da shaidar SPF ko DKIM, wadda ke tabbatar da inda ya fito, yana iya komawa ko ya faɗa kwandon shara. Wasu kamfanonin kan nemi hoton fasfo ko katin ɗan ƙasa kafin su buɗe maka asusu. Ainihin kuɗin VPS lokacin mutum ne. In wanda ya iya ya samu aiki a Yamai ya tafi, makaranta ta rage da injin da ba wanda ya san ta inda ake shigarsa.

Ajiye sabar a ofis

Mutane da dama sun tambaye ni wannan, musamman tun da Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Nijar a 2025. Ina fahimtar sha'awar, kayanka a ɗakinka, ba ka biyan kowa a waje. Ga shafin da jama'a za su riƙa shiga, ban ba da shawarar ba. Wutar yankinmu ta layin Katsina take shigowa, kuma kowa na tuna yadda Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023 lokacin takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai bayan an ɗage shi a ƙarshen Fabrairun 2024. Ko a lokacin lafiya, zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar kwamfuta har ka buɗe ka tarar da ita kamar an zuba gari. Sai sola, batir, ondilar, da ɗaki mai sanyi. Ga kuma matsalar adireshi: layin waya da ƙaramin tsarin Starlink ba sa ba ka lambar IP, wato lambar adireshin inji a intanet, taka kai kaɗai da za a same ka daga waje, sai an bi ta wata dabara irin ramin Cloudflare. Inda wannan zaɓi yake da amfani sosai shi ne aikin cikin gida, kamar rajistar ɗalibai ko lissafin kayan kantin magani, da kuma zama wurin sauke kwafin ajiya.

Akwai kuma masaukin kyauta irin GitHub Pages da Cloudflare Pages, na shafin da ba ya canzawa, mai ɗauke da suna da adireshi da hotuna da lambar WhatsApp. WordPress ba ya aiki a kansu, GitHub kuma ta hana a yi kantin sayarwa a nata. Sunan shafi kaɗai za ka biya.

| Zaɓi | Kuɗi a shekara | Hanyar biya | Sauƙi | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Haɗaka a Turai | jika 31 zuwa 63 | katin banki | mai sauƙi | mai kyau | kati ya ƙare ranar sabuntawa |
| Kamfanin Najeriya | yana bin naira | tura naira | matsakaici | ya danganta da kamfani | asusu a hannun wani |
| Dillalin gida | ya ɗara na kai tsaye | NITA, Amana, hannu | mafi sauƙi | ta mutumin ce | dillali ya ɓace |
| VPS | jika 39 zuwa 79 | katin banki | mai wuya | in da mai kula | kutse, rashin mai gyara |
| Sabar a ofis | kayan wuta masu tsada | babu haya | mai wuya | rauni | wuta, zafi, ƙura |
| Na kyauta | kuɗin suna kawai | katin banki | sai an koya | mai kyau | aikinsa kaɗan ne |

Ranar ƙaura

Kada ka jira sai saura kwana biyu tsohon ya ƙare. Ka fara da wata guda a hannu, kuma kada ka rufe tsohon sai sabon ya yi sati yana aiki. Shafin WordPress kashi biyu ne, fayiloli da rumbun bayanai, wanda ya kwashe ɗaya ya bar ɗaya ya yi aikin banza. Ana sauke fayilolin da manhajar FileZilla, rumbun kuma ta manhajar phpMyAdmin, ko a bar Duplicator ko UpdraftPlus, ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, su haɗa duka. Mu a nan abin da ke ba da wuya shi ne saukewa da ɗorawa ta rezon waya. Na makarantar nan megabait 800 ne, na zauna a ofishin darakta bayan tarawihi, waya a jingine jikin taga inda rezo ya fi kamawa, sau biyu yana yankewa a kashi tamanin da wani abu. Daga baya na nemi sabon kamfanin ya ja kayan da kansa daga tsohon, sabar zuwa sabar, cikin minti kaɗan aka gama. Ka tambayi wannan tun kafin ka biya, da yawa suna yi kyauta.

Kwana ɗaya kafin juya adireshi, ka shiga DNS, tsarin da ke haɗa sunan shafi da masaukinsa, ka rage TTL, wato tsawon lokacin da injina ke riƙe tsohon bayani, zuwa daƙiƙa 300, don canjin ya bazu da wuri. In ba haka ba wasu za su yini, har kwana biyu, suna ganin tsohon. Akwatunan imel su ne abin da aka fi mantawa: ka buɗe su a sabon wuri, ka kwashe tsofaffin saƙonni, sannan ka juya.

Sunan shafi ba dole ne ya ƙaura tare da masauki ba, ni na fi son ma a raba su, don in ka yi faɗa da mai masauki sunanka yana wani wuri. In za ka ɗauke shi, ka sani dokar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafuka, ta hana fitar da suna irin .com cikin kwana 60 da sayensa ko da ƙaurarsa ta baya, sai ka karɓi lambar sirrin fitarwa, aikin kuma yakan ci kwana biyar zuwa bakwai. Sunan da aka bari ya mutu yana shiga wani wa'adin fansa na kwana 30 mai tsada sosai, bayan nan kowa na iya saye.

Wa ya dace da wane

Makaranta, asibiti mai zaman kansa, ko ƙungiya mai asusun banki da akanta: masaukin haɗaka a Turai, da imel na hukumar, da katin da akanta ke kula da shi. Ɗan kasuwar da ƙafarsa ɗaya ke Kano, naira ba ta yanke masa, yana kuma jin Ingilishi ko yana da mai ji a gida: kamfanin Najeriya zai yi masa, asusun dai da sunansa. Hajiya mai turaren wuta ko mai kilishi ko baduku a Birni, wanda cinikinsa duk a WhatsApp yake ƙarewa: shafin kyauta da sunan .com ya isa, ko dillalin gida mai amana. Gidan rediyo ko kanti mai baƙi da yawa a rana, ko mai shafuka biyar zuwa sama: VPS, da sharaɗin mutum biyu sun san makullinsa, ɗaya ba ya isa. Sabar ofis a bar ta ga lissafin cikin gida.

Makarantar Sabon Gari masaukin haɗaka ta koma, an biya shekara biyu a dunƙule. Kalmomin sirri suna cikin ambulan a akwatin ƙarfen darakta, kwafin kowane wata yana sauka a kwamfutar sakatariya, ranar sabuntawa kuma an rubuta ta da jan alƙalami a bangon ofis, gefen jadawalin jarrabawa.